Ɗakin Inna Mai Taya Shida

Yayana ya yi shekaru masu yawa yana tuƙa wani dattijo mai arziki a Abhur, unguwar bakin teku a Jidda. Da dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka raba filaye da gidajen bakin teku ba wanda ya ji kansu, sai mota guda ɗaya da kowa ya riƙa tura wa ɗan'uwansa. Irin motar nan ce mai ɗaki a ciki, da gado da wurin girki da banɗaki, wadda a nan Jidda muke ce wa karafan. Dattijon ya saye ta ne a ƙarshen rayuwarsa da niyyar zaga ƙasa, amma bai zaga ko'ina ba sai asibiti. Da aka rasa mai ɗauka, babban ɗansa ya kira Yaya ya ce ga tukuicin hidimar da ya yi wa mahaifinsu. Aka mayar da takardunta da sunan Yaya, ya tuƙo abarsa zuwa unguwarmu Bani Malik yana murmushi kamar ango.

Wanda ya san unguwarmu ya san ba wurin da za a kawo giwa ba ne. Sai da masu shago suka janye kwalayensu, aka ta da mai gyaran waya ya matsar da motarsa, kafin Yaya ya samu ya cusa ta a wani fili da ke gefen beninmu, inda aka rushe tsohon gida ba a sake gini ba. Ya manna gefenta na hagu da bangon maƙwabta don kada ta tare hanya. Sannan ya sayo rigunan tamfol ya sa wa tayoyin duka, saboda ya ce ranar Jidda tana cin roba kamar gara.

Ni ce auta a gidan. A lokacin ina ɗinki a ɗakinmu na hawa na uku, inda muke zaune da mahaifiyarmu, Inna, da Yaya da iyalinsa. Dukanmu a Jidda aka haife mu, ita Inna a unguwar Ruwais ta tashi. Ranar da motar ta zo, Yaya ya lallaɓi Inna ta sauko ta gani. Ya nuna mata gado, ya nuna mata murhu, ya buɗe famfo ruwa ya zubo. Amma abin da ya fi ɗauke masa hankali wani ɗan allo ne a gefen sitiyari, bai kai tafin hannu ba. Idan ya murɗa makulli sai hoton motar ya fito, da tayoyinta shida, biyu a gaba, huɗu a baya bibbiyu, kowace da 'yar fitilarta koriya.

"Inna, kin ga wannan? Duk shekarun nan ina duƙawa ina latsa taya, ina harbinta da ƙafa kamar mai neman faɗa. Halas, an gama. Yanzu da iska ta ragu, fitilar nan za ta yi ja ta yi ƙara. Tayar da kanta take magana."

Inna ta dubi allon, ta dubi ɗanta. Ba ta kiran sunansa, kasancewar shi ne ɗan fari, sai ta juyo wajena.

"Auta, ce wa yayanki tunda tayar na magana, ya tambaye ta ina za ta kai mu."

Wurare da yawa za ta kai mu, a bakin Yaya. Za mu hau duwatsun kudu mu sha sanyi, za mu je arewa mu ga inda ƙanƙara ke sauka. Sai dai ya samu sabon aiki na kai 'yan makaranta da ɗauko su, hutun da ya samu kuma ko dai zafi ya yi yawa, ko wani ba shi da lafiya, ko an ce a bari bayan Salla. Motar ta zauna a filin nan, magunan unguwa suka sami inuwa.

Inna kuwa gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, beninmu kuma ba shi da lif. Wata rana ta dawo daga gaisuwar rasuwa, ta tsaya a ƙasan matakala ta ɗaga kai ta dube su, sai ta ce a buɗe mata motar ta ɗan huta. Yaya ya ji daɗi ƙwarai. Ya roƙi mai shagon ƙasa ya ja wayar lantarki daga wurinsa, aka kunna na'urar sanyaya ɗaki. Daga ɗan hutu ta koma yin ƙailula a can. Daga nan sai darduma ta sauka, carbi ya biyo baya, sai butar shayi, sai kaskon turare. Kafin mu farga, Inna kan sauka da hantsi, ba ta hawa sama sai bayan magariba. Matan unguwa da suka daina zuwa gaishe ta saboda matakala duk suka dawo. Mafi zama a cikinsu wata maƙwabciyarmu ce 'yar Damagaram, mai sayar da yaji da daddawa, wadda ta mallaki kujerar kusa da taga ba tare da kowa ya ba ta ba.

Kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci, Yaya zai shiga, ya gaida matan, ya ta da injin don kada batir ya mutu, ya dubi allon. Kore shida. Sai ya ɗan buga sitiyarin ya ce, "Masha Allah, a shirye take." Ya kashe ya fita.

Ba zan iya cewa ga lokacin da abin ya fara ba. Na dai tuna wata rana na kai wa Inna lemo, na ajiye ɗaya a kan tebur, ya gangara a hankali ya faɗa bayan kujera. Na ɗauko na sake ajiyewa, ya sake bin hanyar da ya bi. Na yi dariya na sa shi a kwano. Bayan nan ƙofar banɗaki ta fara buɗe kanta. Shayi a kofi ya riƙa taruwa gefe guda kamar yana gudun mai sha. Daga ƙarshe Inna ta fara kukan jiri.

"In na miƙe sai in ji ƙasa na ja na hagu," in ji ta. "In na yi ruku'u kuwa sai na dafa."

Ni na kai ta asibiti. Likitan ya haska kunnenta, ya auna jininta, ya sa ta bi yatsansa da ido. Ta gaya masa da rana kaɗai take jin jirin, in ta hau sama da yamma sai ya tafi. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, da yawan tsofaffi zafin rana ke ta da musu shi, ya rubuta ƙwayoyi. Ina zaune a wurin na ji duk wannan, ni da na ga lemo ya gangara a gabana, amma ni ma ban ga haɗin ba.

'Yar Damagaram ce ta fara faɗi a fili. Wata Juma'a Yaya yana zaune a kujerar direba ta ce, "Alhaji, ni kam ɗakin nan na Hajiya kamar ya kishingiɗa. Ko ƙafarsa ɗaya ta gaji ne?"

Yaya ya kira ta ta matso, ya nuna mata allon. "Hajiya, ƙirga. Kore nawa kika gani?"

"Shida."

"To filin ne ba daidai ba. Gida aka rushe a nan, ƙasar tana zama."

Ta ce to, ai shi ya san mota. Muka ci gaba da zama a karkace, kowa ya koyi sa hannu ya tare kofinsa.

Saƙon ya zo ne wata ranar Asabar muna cin abincin rana a sama. Wayar Yaya ta yi ƙara, ya duba, sai na ga ya ajiye cokali, fuskarsa ta canja. Matarsa ta tambaye shi lafiya. Da ƙyar ya ce, "Istid'a." Kalmar da hukuma ke amfani da ita ke nan idan tana neman mutum ya bayyana a gabanta, kuma a unguwa irin tamu, inda kowa ke kwana da tunanin takardunsa, ba kalma ce da ake so a ji ana tsakiyar cin shinkafa ba. Nan take Yaya ya fara lissafa laifuffukansa. Ko wayar lantarkin da ya ja daga shago ce? Ko mai filin ne ya kai ƙara? Ko jar fitilar nan da ya tsallake a hanyar makaranta, wadda ya rantse ruwan ɗorawa ce?

Na karɓi wayar na karanta har ƙasa, abin da shi bai yi ba. Ba shi ake kira ba, motar ake kira. Wakala ce, wato kamfanin da ya shigo da irin motocin nan ƙasar, take sanar da masu su cewa an gano matsala a na'urar da ke lura da iskar taya: iska na iya raguwa sosai na'urar ba ta yi gargaɗi ba, kuma hakan na iya jawo haɗari a kan hanya. A kawo motar a gyara kyauta.

Yaya ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki cokalinsa. Bai kai baki ba ya sake ajiyewa, don yanzu ne maganar ta isa inda za ta yi masa zafi.

"Wasu motocin suke nufi. Tawa lafiyarta ƙalau, duk Juma'a ina dubawa."

"Me kake dubawa, Yaya?"

"Allon mana."

Muka sauka tare, Inna na can ƙasa ita da maƙwabciyarta. Na ba su labari. Inna ta ce, "Au, ita ma motar ana kiranta ofis? Me ta yi?"

"Wai ba ta faɗin gaskiya, Inna."

Yaya ya ce yanzu zai nuna mana. Ya matse jikinsa tsakanin motar da bangon maƙwabta, inda ba wanda ya shiga tun ranar da ya ajiye ta, ya kwance igiyar rigar tamfol ta tayoyin baya. Na leƙa ta ƙarƙashi. Tayoyin nan biyu na hagu sun baje a ƙasa kamar gurasa, robar ta tsattsage, ƙarfen ya kusa taɓa ƙasa, har wata mage ta haihu a bayansu ta yaye 'ya'yanta. Yaya ya fito da ƙurar bango a farar rigarsa, bai dubi kowa ba, ya hau ya murɗa makulli. Kore shida, suna haske kamar ranar farko. Ya daɗe yana kallonsu.

'Yar Damagaram ba ta ce ai na faɗa ba. Ta dai gyara mayafinta ta ce, "Allah sarki, ashe ƙasar ce ta zama."

Washegari aka kira mai banshar, wato mai facin taya, ya zo da motarsa da injin iska. Tayoyin biyu sun wuce faci, sai da aka sa sababbi. Da aka sauke motar daga kan jak ta tsaya cak a kan ƙafafunta, Inna ta hau za ta shiga ɗakinta, ta yi taku biyu, sai ga ta ta tafi dama har sai da na riƙo ta.

"Wa ya karkata min ɗaki?" ta tambaya a fusace.

Kwana kaɗan jikinta ya saba, jirin ya tafi gaba ɗaya. Da muka koma asibiti ranar da aka ba mu, likitan ya yi murna sosai da yadda maganinsa ya yi aiki, ya ce ta ci gaba da shan rabi. Inna ta yi masa godiya da addu'a mai tsawo. A hanyar gida ta ce kada in kuskura in gaya masa, yaron kirki ne.

Ranar kai motar wakala wata rigima ce. Yaya ya ce a kwashe kayan Inna. Inna ta ce ba mai taɓa mata kaya, kuma ba za ta bar ɗakinta a hannun mazan da ba ta sani ba. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tafi da ita a ciki, da ni, da 'yar Damagaram wadda ta ce ba za ta bar Hajiya ta yi tafiya ita kaɗai ba. Aka sake ta da masu shago, aka sake janye kwalaye, yara suka bi mu da gudu har bakin titi. Wannan ce tafiyar farko da motar ta yi tun zuwanta, kuma ta kai mu unguwar masana'antu ta kudancin gari, tsakanin manyan motocin kaya da shagunan walda. Inna ta buɗe labule tana kallo, tana cewa kai, garin nan ya girma.

A wakala, mai gadi ya buɗe ƙofar motar zai shiga, hayaƙin turare ya tare shi, ya ga tsofaffi biyu a zaune da butar shayi, ya yi sallama ya ja da baya. Wani ma'aikaci mai fara'a ya zo ya duba lambar jikin motar, ya duba kwamfutarsa, ya ce eh, tana cikin waɗanda ake nema. Ya yaba wa Yaya da ya kawo ta da wuri, ya ce mutane da yawa ba sa kula saƙon. Yaya ya ɗan ɗaga kafaɗa. Sannan ma'aikacin ya ce sai dai kayan gyaran ba su iso daga waje ba tukuna, za a kira shi in sun zo.

"To kafin nan fa?" in ji Yaya.

"Kafin nan, ya ammi, kada ka dogara da allon. Duk lokacin da za ka tashi, ka zagaya ka duba tayoyin da idonka, ka auna su."

"Wato in duƙa."

"Na'am?"

"Ba komai. Na gode."

Aka ba mu gahawa da dabino, muka juyo. Inna ta ce tafiyar ta yi mata daɗi, a sake.

Aka kuwa sake, bayan wasu makonni, kuma a wannan karon aka canja abin da za a canja. Tun daga ranar allon ya zama wani mutum daban. Da sanyin safiya in iska ta ɗan ragu sai ya yi ƙara. In an ƙara iska ya yi shiru, bayan kwana biyu ya sami wata tayar ya kama. Matan suka sa masa suna mai ƙorafi. Inna ta ce na da ya fi ladabi. Shi kuwa Yaya, wanda ya yarda da allon duk lokacin da yake yaudararsa, yanzu da aka gyara shi sai ya daina yarda da shi sam. Ya ce wanda ya dube ka ido da ido ya yi maka ƙarya shekara guda, ko ya dawo da Alƙur'ani a hannu sai ka yi tunani. Ya sayi ma'aunin iska na hannu ya sa a aljihun gaba, inda yake sa biro da.

Da hunturu ya shigo, Yaya ya ce ko ana ha maza ha mata sai an je bakin teku, can kudu inda ba cunkoso. Muka tashi wata Juma'a da safe. Matarsa ta dafa shinkafa da kifi, yaran suka ɗauko ƙwallo, 'yar Damagaram ta zo ta zauna a kujerarta. Yaya ya zagaya motar ya auna tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce yalla, mu tafi. Muka bar gari, gidaje suka ƙare, sai fili da raƙuma jefi-jefi.

Mun yi nisa sosai sai allon ya fara ƙara. Tayar gaba ta dama ta yi ja.

"Rabu da shi," in ji Yaya. "So yake a san an gyara shi."

Ƙarar ta ci gaba. Matarsa ta ce ko a ɗan duba. Ya ce da hannunsa ya auna da safe, ba wani allo da zai koya masa taya. Na ce Yaya, ai dalilin gyaran ke nan. Ya ce Auta, ke ɗinki kika sani. Ya ƙara sautin rediyo.

Inna tana da wata ɗabi'a: duk hirarta da mu da Hausa take yi, amma in ta koma Larabci to maganar ta ƙare. Daga can baya, ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ce, "Waggif." Yaya ya sa sigina ya gangara gefen hanya ya tsaya.

Muna sauka muka ji tayar na huci. Wani dogon kusa ne ya shige ta har kai, ta riga ta fara kwantawa. Yaya ya tsuguna ya dube shi, ya ce lalle a hanya muka taka shi, wanda ba wanda ya yi musu a kai. Ya zaga baya ya kwanto tayar ajiya, ya sauke ta ƙasa, sai ta faɗi laɓaɓa. Ita ba a haɗa ta da allo ba, ba ta kuma cikin shidan da yake aunawa, ba wanda ya tuna da ita tun zamanin dattijon Abhur.

Ya kira mai banshar na garin da ke gaba, aka ce an rufe sai bayan sallar Juma'a, in ya ci abinci ya huta zai zo. Yaya ya tsaya a rana yana kallon hanya. Inna ta ce a shimfiɗa tabarma a inuwar motar, yunwa take ji. Muka ci shinkafa da kifinmu a nan, iskar manyan motoci na kaɗa mana mayafi. Yaran suka buga ƙwallonsu a rairayi. Tekun dai ba mu gan shi ba ranar, amma 'yar Damagaram ta ce tana jin ƙamshinsa in iska ta juyo.

Wajen la'asar, muna jiran mai facin, wata mota ta rage gudu ta tsaya a bayanmu. Wani magidanci ne da iyalinsa, ya ga tabarma da butoci ya zaci shayi muke sayarwa. Inna ta ce a zuba musu, baƙi ne. Mutumin ya karɓi kofinsa ya zagaya motar yana kallo, ta ɓangaren inuwa inda tayoyin ke tsaye lafiya. Ya leƙa ciki ya ga gado da murhu, ya ce masha Allah, ya daɗe yana sha'awar irin wannan, matarsa ce ke tsoron wahalarta. Ya tambayi Yaya ko zai sayar.

"A'a, ba ta sayarwa ba ce."

"Amma tsakani da Allah, tana ba da matsala?"

Yaya ya ɗora tafin hannunsa a jikin motar, ya shafa ta a hankali.

"Wannan? Ko sau ɗaya."

Na juya na dubi Inna. Tana ƙara wa matar baƙon shayi, tana tambayarta su 'yan ina ne.